ZAZZAƁIN KASKA: INA ƘIDIDDIGAR NIJERIYA?

A cikin shekarar 1966 masana na ɗakin binciken ƙwayoyin cuta na Jami'ar Ibadan suka tsamo wata ƙwayar cuta daga jikin kaskar da aka tsinto a Sakkwato. Suka adana ta, suka ba ta lamba IbAr 10200, daga nan kuma ta bi duniya. Shekaru da dama ke nan manyan ɗakunan bincike na Turai da Amurka suna dogara da ita idan za su gwada magani ko allurar rigakafin cutar da likitoci suke kira zazzaɓin Kirimiya da Kwango, watau wani mugun zazzaɓi mai sa zubar jini wanda kaska take yaɗawa. Abin mamaki shi ne, idan aka duba jerin ƙasashen da suke ba da rahoton masu wannan cuta shekara-shekara, da wuya a ga sunan Nijeriya, ƙasar da ta bai wa duniya samfurin ƙwayar.

Mai saurin yanke hukunci zai ce ai wannan abin godiya ne, Allah ya raba ƙasar nan da cutar. Wannan jarida ba ta ga dalilin sakin jiki haka ba. Yawan masu cutar kaska yana bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa, har ma daga lardi zuwa lardi a cikin ƙasa guda, kuma dalilan bambancin uku ne. Na farko, inda kaskar take iya rayuwa. Na biyu, irin sana'ar da take haɗa mutane da dabbobi da jininsu. Na uku, ko hukuma tana neman cutar ko ba ta nema. Dalilai biyun farko duk sun cika a arewacin ƙasar nan. Na ukun ne yake da rauni, shi ya sa shirun da ake ji ya zama abin dubawa.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya san cutar. Takan fara ne farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da ciwon baya da gaɓoɓi, da jiri, wani lokaci da amai da zawo. Bayan 'yan kwanaki, ga wanda ta yi wa tsanani, sai jini ya fara taruwa ƙarƙashin fata, ya riƙa fitowa ta hanci da dasashi, hanta da ƙoda kuma su gaza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda ta kwantar, galibi a mako na biyu na jinya. Mutum yakan kamu ta hanyar cizon kaska, ko ta taɓa jinin dabbar da take ɗauke da ƙwayar lokacin yanka da fiɗa, ko kuma ta taɓa jinin majinyaci. Idan cizo ne, alamu sukan bayyana cikin kwana 1 zuwa 3. Idan jini ne aka taɓa, kwana 5 zuwa 6. Babbar wahalar ita ce saniya da tunkiya da akuya ba sa nuna ciwo ko kaɗan. Ƙwayar takan yi kamar mako guda a jinin dabbar, alhali tana kiwonta lafiya lau, mai saye yana taya ta bai san abin da take ɗauke da shi ba. Babu kuma wata allurar rigakafi da duniya ta amince da ita, ta mutane ko ta dabbobi.

Sunan cutar ma kansa ya nuna nisan da ke tsakanin wuraren da take ɓullowa. A 1944, bayan an kori sojojin Jamus daga yankin Kirimiya, sojojin Tarayyar Sobiyet kimanin 200 da aka tura su taimaka wa manoma girbi suka kwanta da wani zazzaɓi mai zubar da jini. Gonaki sun daɗe a yashe saboda yaƙi, ciyawa ta rufe su, zomaye sun yi yawa, kaskar da take shan jininsu ita ma ta yi yawa. A 1956 kuma aka samu wata ƙwayar cuta a jinin wani yaro a Kisangani ta ƙasar Kwango. Sai a 1969 aka tabbatar cewa ƙwaya ɗaya ce, aka haɗa sunayen biyu.

To, me ya haɗa Kirimiya da Afirka? Amsar ita ce kaska irin wadda masana suke kira Hayaloma, mai dogayen ƙafafu masu zane-zane. Wannan kaska ba ta son dausayi da kurmi. Ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwa take so, mai ciyawa da ƙaya da saura. 'Ya'yanta suna shan jinin zomo da bushiya da tsuntsayen da suke kiwo a ƙasa, manyan kuwa suna maƙalewa a jikin shanu da tumaki da raƙuma, kuma macen tana iya gadar wa ƙwanta ƙwayar cutar. Saboda haka taswirar cutar ta bi taswirar kaskar: Afirka, da yankin Balkan, da Gabas ta Tsakiya, da ƙasashen Asiya irin su Iran da Afganistan da Fakistan. Sanyin arewacin Turai ya daɗe yana yi mata iyaka.

Ko a cikin ƙasa guda ma rabon ba ɗaya ba ne. Turkiyya ba ta san tana da cutar ba sai a 2002, lokacin da ta ɓulla a lardin Tokat. Daga lokacin an tabbatar da mutane fiye da 10,000 da suka kamu, abin da ya sa ƙasar ta shiga sahun gaba a duniya. Amma mafi yawansu daga tsakiya da arewa maso gabashin ƙasar suka fito, daga lardunan Tokat da Siwas da Yozgat da Corum da maƙwabtansu, inda ƙananan gonaki suke cuɗe da jeji, manomi kuma shi ne makiyayi. Galibi kuma tsakanin watan Afrilu da Satumba ne, lokacin da kaska take fitowa, mutane kuma suke gona. A Afirka ta Kudu, wadda ta ga mutum na farko a 1981, haka abin yake: mafi yawan waɗanda aka tabbatar daga busassun lardunan tsakiyar ƙasar suke, wurin kiwon tumaki da shanu. A 1996 ma'aikata 17 suka kamu a wata mayankar jimina a ƙasar, duk ta hanyar sana'arsu.

Rabon kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana canzawa da canjin halin da ake ciki. Iraƙi ta san cutar tun 1979, amma shekaru da yawa ba a samun fiye da 'yan ƙalilan. A 2021 aka tabbatar da mutum 33. Daga 1 ga Janairu zuwa 22 ga Mayu na 2022 kaɗai aka kai rahoton mutum 212, aka tabbatar da 97 ta gwajin jini, mutum 27 suka rasu, kuma kusan rabin waɗanda aka tabbatar daga lardi ɗaya suka fito, watau Zi Ƙar da ke kudancin ƙasar. Cikin dalilan da jami'an lafiya suka kawo har da dakatar da feshin maganin kaska ga dabbobi a 2020 da 2021 saboda annobar korona. Shekara biyu kacal aka yi sakaci, aka girbi abin da aka shuka. A can Turai kuwa, a 2016 wani mutum ya rasu a Sifen bayan kaska ta cije shi a karkara, wata ma'aikaciyar jinya da ta kula da shi a Madrid ita ma ta kamu. A 2023 aka samu ƙwayar a jikin kaskar shanu a kudancin Faransa. Tsuntsaye masu ƙaura suna ɗaukar 'ya'yan kaska daga kudu, ƙarin ɗumin yanayi kuma yana ba su damar girma inda a da sanyi yake kashe su.

Sai dalili na uku, wanda shi ne ya fi shafar ƙasar nan. Alƙaluman da suke fitowa daga ofis ba su ne yawan marasa lafiya ba, yawan waɗanda aka gwada aka rubuta ne. Misali mafi bayyana ya fito daga Amurka, game da wata cutar kaska dabam da ake kira cutar Laim, wadda aka fara ganewa a 1975 a jihar Konetikat. Ita ma tana da yankinta: a 2015 kashi 95 cikin 100 na waɗanda aka tabbatar daga jihohi 14 suka fito, galibi na arewa maso gabas. Daga 2017 zuwa 2019 ana rubuta kimanin mutum 37,000 a shekara. A 2022 sai adadin ya haura 62,000. Kaska ba ta ninku cikin dare ɗaya ba. Ƙa'idar rubutawa aka sauƙaƙa, aka yarda a ƙirga mutum da sakamakon gwajin jini kaɗai a jihohin da cutar ta yi katutu. Duk da haka hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙiyasta cewa waɗanda ake yi wa magani a shekara sun kai kimanin 476,000. Idan ƙasa mai irin wannan arziki da yawan likitoci tana rubuta ɗan kaɗan daga abin da yake faruwa, ina ga ƙasar da asibitin karkararta ba shi da na'urar gwaji?

Har yawan mace-mace ma ƙirga tana canza shi. A Turkiyya kimanin kashi 5 cikin 100 na masu zazzaɓin Kirimiya da Kwango suke rasuwa, ƙasa ƙwarai da abin da ake gani a wasu wurare. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne an wayar wa mutanen karkara kai, duk wanda kaska ta ciza ya ji zazzaɓi yakan je asibiti da wuri, a gwada shi, a rubuta shi ko da ciwon bai yi tsanani ba. Inda kuwa ba a gwada kowa sai wanda jini ya riga ya ɓarke masa, adadin masu cutar zai fito kaɗan, na mamata kuma ya fito da yawa. Inda ba a gwaji sam, sai takarda ta fito fara fat, a ɗauka lafiya ce.

Maƙwabtan da suke da irin ƙasa da irin kiwon Nijeriya ta Arewa sun riga sun ɗanɗana. A Muritaniya, daga Fabrairu zuwa Agusta na 2003, mutum 38 suka kamu, 35 daga cikinsu mazauna Nuwakshot. Abin ya faro ne daga wata mata da ta kwanta bayan ta gyara naman akuya. Daga ita kaɗai mutum 15 suka kamu a asibitin da aka kwantar da ita, da huɗu daga danginta. A 2008 irin haka ta faru a wani asibiti a yankin Kurdufan na Sudan. Sanagal tana kai rahoton masu cutar jefi-jefi, kuma ba don kaskarta ta fi ta kowa dafi ba, sai don akwai Cibiyar Fasto a Dakar wadda take karɓar jinin masu zazzaɓi tana gwadawa. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A ƙasar nan kuwa shaida ba ta yi ƙaranci ba. Tun a 1970 masanan Ibadan suka buga rahoton samun ƙwayar a jinin dabbobin gida, da bushiya, da kaska. Kaskar Hayaloma tana ko'ina a faɗin arewa, duk makiyayi ya santa ko bai san sunanta na boko ba. Dabbobi suna shigowa daga Nijar da Cadi da Kamaru ta kasuwannin Illela da Mai'aduwa da Maigatari da Mubi, su haɗu da na gida a Potiskum da Wudil, a loda su a manyan motoci zuwa Legas da Fatakwal, kaskarsu tana jikinsu. A 2016 kuma aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a jihar Borno, inda aka gwada jinin mutane fiye da 1,000, aka tarar kimanin ɗaya cikin kowane goma yana ɗauke da alamar da jini yake riƙewa bayan jiki ya taɓa karawa da ƙwayar. Ma'anar wannan a fili take: mutane suna kamuwa, wasu suna warkewa ba su san abin da ya same su ba, wasu kuwa ana iya binne su da sunan wata cuta dabam.

Ba abin wuya ba ne a gane yadda hakan take faruwa. A kwanakin farko babu abin da ya raba wannan zazzaɓi da zazzaɓin cizon sauro ko taifot a idon mai duba marasa lafiya. Makiyayi da yake ruga mai nisa ba ya zuwa asibiti sai ta ƙure, sau da yawa ma ya tsaya a kantin magani. Idan jini ya ɓarke, tunanin likita yakan tafi ga zazzaɓin Lassa ko shawara, a aika da jinin ɗakin gwaji. Mafi yawan jinin da ake aikawa don neman Lassa yakan dawo da amsar babu. To, me ya kwantar da waɗannan bayin Allah? Muddin ba a nemi amsar wannan tambaya ba, babu jami'in da yake da hurumin cewa ƙasar nan ta kuɓuta.

Akwai masu cewa, kuma maganarsu tana da nauyi, kuɗin lafiya ba su da yawa, zazzaɓin cizon sauro da kwalara da ƙyanda suna kashe dubbai, don me za a karkata ga cutar da ba a ma ga gawarta ba? Akwai kuma masu tsoron kada maganar ta firgita jama'a, cinikin dabbobi ya faɗi, a ƙara ɗora wa makiyaya laifi bisa wanda suke ɗauke da shi. Amsa ita ce ba wani sabon asibiti ko sabuwar hukuma ake nema ba. Na'urar da take gwada Lassa ita ce take gwada wannan, sinadarin gwajin kawai ake canzawa. Maganin kaska kuma ba ɓarnar kuɗi ba ne ko da babu wannan cuta, domin kaska tana ramar da dabba, tana rage nono, tana ɓata fata, tana kuma buɗe ƙofar kirci. Game da tsoro, gaskiya ce take kwantar da hankali: naman da aka dafa ya nuna ba ya ba da cutar, haɗarin yana wurin yanka da fiɗa da murƙushe kaska da yatsa. Makiyayi da mahauci su ne farkon waɗanda cutar take kamawa, saboda haka su ne farkon masu haƙƙin a kare su. Abin da yake kashe kasuwa shi ne jita-jitar da takan tashi ranar da annoba ta ɓarke ba shiri.

Bisa ga wannan, abu na farko da ya wajaba kan Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa da ma'aikatun lafiya na jihohi shi ne su mai da shi ƙa'ida cewa duk jinin mai zazzaɓi da zubar jini da aka gwada ba a sami Lassa ko shawara ba, a sake gwada shi don neman wannan ƙwaya, musamman idan mai jinin makiyayi ne, ko mahauci, ko dillalin dabbobi, ko malamin dabbobi. A kuma buga sakamakon jiha-jiha kowace shekara, ko da sifiri ne, domin sifirin da ya biyo bayan gwaji ya fi shirun da babu gwaji daraja.

Na biyu, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da ke Vom, wadda take aiki tun 1924, tare da sassan koyar da likitancin dabbobi na jami'o'in Zariya da Maiduguri da Sakkwato, su ɗauki nauyin zana taswirar ƙasar nan: a wace ƙaramar hukuma kaskar ta fi yawa, a wane wata, kuma kashi nawa na dabbobi suke da alamar ƙwayar. Dabba ita ce ɗan saƙon da yake riga mutum kawo labari. Likitan mutane da na dabbobi kuma su daina aiki kowa a ofishinsa kamar ba gwamnati ɗaya suke yi wa aiki ba.

Na uku, ƙananan hukumomi da suke karɓar haraji a kara da kwata su mayar da wani abu daga ciki wurin wankan maganin kaska, da ruwa mai gudu, da safar hannu da takalman roba ga masu fiɗa. Bayan abin da ya faru a mayankar jimina ta Afirka ta Kudu, an kafa dokar tsare jiminu kwana 14 babu kaska kafin yanka, kuma haɗarin ya ragu. Ana iya koyi da wannan kafin Babbar Sallah, lokacin da raguna suke kwana a tsakar gida, yara suna wasa da su, kowane magidanci kuma ya zama mahauci na yini guda. Fakistan da Iraƙi sukan yi wa jama'a gargaɗi kafin Layya; babu abin da zai hana gidajen rediyon jihohi yin haka da Hausa da Fulatanci da Barbarci, tare da Sarakunan Fawa da Arɗo-Arɗo da limamai. Saƙon gajere ne: a yi wa dabba maganin kaska makonni biyu kafin yanka bisa shawarar malamin dabbobi, kada a cire kaska ko a fasa ta da hannu tsirara, a sa hantsaki, mai rauni a hannu kada ya yi fiɗa, wanda kuma ya ji zazzaɓi bayan cizo ko yanka ya gaya wa likita haka ƙarara.

Na huɗu, asibitoci. Abin da ya faru a Nuwakshot da Kurdufan da Madrid ya nuna cewa ma'aikacin jinya ne yake biyan farashin rashin sani. Nijeriya ta rasa likitoci da ma'aikatan jinya lokacin da cutar Ibola ta shigo Legas a 2014, ta kuma rasa wasu ga Lassa. Safar hannu da kwandon zubar da allura da ɗakin keɓe majinyaci ba kayan alatu ba ne da za a jira sai baƙi za su zo ziyara. Tambaya guda kuma ba ta cin ko kwabo: mece ce sana'arka, kuma kaska ta cije ka kwanan nan?

Ga ma'aikatan gwamnati da suke cika takardun rahoto a ƙarshen wata, ya kamata su tuna cewa gurbin da aka bari babu komai shi ma magana yake yi, kuma da shi ake tsara kasafin kuɗi. Ga ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai, ga fili nan a ƙofar gida, a kara da kwata da ruga, wanda har yanzu bai sami masu nome shi yadda ya kamata ba. Ƙwayar da aka tsamo a Sakkwato a 1966 ta yi wa masanan duniya amfani fiye da rabin ƙarni. Lokaci ya yi da za a san abin da 'yan'uwanta suke yi wa mutanen da suke kwana suna tashi da dabbobi a ƙasar da aka samo ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.